Yadda ake laluben kakanni a tsofaffin takardun da aka ɗora hotonsu a intanet ba tare da an jera sunaye ba

Tun ranar da na nuna wa 'yan uwa hoton wata tsohuwar takarda mai ɗauke da sunan ƙauyenmu da sunan dagacin da kakarmu ta sha ambata mana, tambaya ba ta yanke ba, wannan ya kira wancan ya turo saƙo, kuma kusan kowa maganarsa ɗaya ce, wai na shiga na buga sunan kakana ban ga komai ba, kai ta ina ka bi? To ni ban same ta ta hanyar buga suna ba. Akwatin nan da ake rubuta suna a danna, abin da yake iya nemo maka shi ne abin da aka riga aka karanta aka shigar da sunayensa a kwamfuta. Sauran takardun, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba musamman namu na wannan yanki, hotonsu kawai aka ɗauka aka zuba, kamar a ce an buɗe maka tsohuwar adaka cike da kundaye an ce bismilla. Sai ka zauna ka bi shafi shafi da idonka. Aikin yana da tsari, in ka bi shi za ka rage wahala da asarar data, ga shi nan yadda nake yi.

1. Fara da tsofaffin gida, waya ta jira

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa kuma shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Tunda ba da suna za ka nema ba, da wuri da lokaci za ka nema, su kuwa waɗannan biyun a bakin tsofaffi suke. Ka je gun kaka ko gwaggo ko baffa, wanda dai ya fi kowa shekaru, kuma kada ka raina mata a wannan fanni don sau da yawa su suka fi riƙe waye ya auri wa da inda aka taso. Abin da kake so ka fito da shi: sunan yanka na mutumin da na mahaifinsa, laƙabinsa da sunan da aka fi saninsa da shi, sana'arsa, ƙauye ko unguwar da ya zauna, wane hakimi ko dagaci ne a lokacin, ko ya taɓa shiga soja ko aikin En'e ko reluwe, ko an taɓa shari'ar gona ko rabon gado a gaban alƙali, ko ya yi fatauci zuwa Gwanja ko ya tafi Makka ta ƙasa.

Kada ka tambayi tsoho "wace shekara", ba haka suke lissafi ba. Ka tambaye shi zamanin wa. In an ce zamanin Sarkin Kano Abbas to tsakanin 1903 ne da 1919, Abdullahi Bayero kuwa 1926 zuwa 1953. Dikko na Katsina 1906 zuwa 1944. Sarkin Musulmi Hassan 1931 zuwa 1938. In aka ce ana goyonsa jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911 kenan, in aka ce ya yi wayo lokacin yunwar Kakalaba to wajen 1913 zuwa 1914 ake magana. Da irin wannan kake ɗaure mutum tsakanin shekara goma ko sha biyar, kuma ya isa ka fara.

Gargaɗi: ka nemi izini ka naɗi hirar a waya, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Sannan ka rubuta abin da aka faɗa maka yadda aka faɗa ko da ya saɓa wa abin da wani ya ce, kada ka gyara tun yanzu.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Shafukan da zan ambata duk kyauta ne, ba a biyan ko kwabo don kallon hoto. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi ya buɗe maka su, ka rabu da shi. Kuɗinka a data zai tafi, don hotunan manya ne, an ɗauke su yadda za a iya zuƙowa a karanta, kuma kundi ɗaya yana iya kai hoto ɗari biyar ko dubu. Saboda haka in kana da inda kake samun wayifai a makaranta ko ofis ka yi amfani da shi, in babu ka jira garaɓasar dare ta layinka.

Waya tana yi amma laftof ta fi, don rubutun hannu na da a ƙaramin gilashi yana gajiyar da ido sosai. Ka tanadi abin caji na ajiya saboda wuta. Sai littafin rubutu mai kauri guda ɗaya da ba ka haɗa shi da komai ba, da biro, wannan littafin zai fi maka komai amfani nan gaba. In ba ka karanta Larabci da ajami irin na warash, ka sa a ranka za ka nemi malami ya duba maka wasu shafuka, ka kuma ware ɗan abin alheri da za ka ba shi, don aiki ne na gaske.

3. Mayar da garinku yadda yake a zamanin takardar

A nan na yi asarar sati biyu, shi ya sa zan tsaya a kai. Mu mutanen ƙasar Katsina ne, sai na yi ta dube-dube a ƙarƙashin Katsina ina neman takardun wajen 1915, dare bayan dare ba ko alama, har na fara cire rai, sai wani tsohon malamin makaranta ya ce min ai ɗana a lokacin babu lardin Katsina, a ƙarƙashin lardin Kano take. Haka ne kuwa, sai 1926 aka mayar da ita lardin Zariya, a 1934 ta zama lardi mai zaman kanta. Takarda tana zaune ne a ƙarƙashin hukumar da ta rubuta ta, ba ƙarƙashin jihar da kake ciki yau ba.

To ka zauna ka jera a littafinka: ƙauye, gunduma, masarauta, lardi. Ɗan Jigawa ya nemi lardin Kano don sai 1991 aka yi jihar. Zamfara da yawancin Kebbi lardin Sakkwato. Gombe lardin Bauchi. 'Yan uwanmu na Nijar su tuna Damagaram ce hedikwata kafin a koma Yamai a 1926. Na Gana kuma sunan ƙasar Gold Coast ne kafin 1957, arewacinta su Tamale da Salaga ana rubuta shi Northern Territories.

Bayan nan sai rubutun suna. Bature yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta, kuma kowanne da nasa kunnen. Za ka ga Katsena, ka ga Gando maimakon Gwandu, Hadeija maimakon Haɗeja, Bautshi maimakon Bauchi. A ɓangaren Faransa Damagaram Zinder ce, Tasawa Tessaoua, Tawa Tahoua, Dogon Dutse Dogondoutchi. Ka rubuta sunan ƙauyenku ta kowace fuska da kake jin baƙo zai iya karkatar da shi, ka cire ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, ka gwada ch a wurin c ko ts, ka gwada ou a wurin u.

Gargaɗi: ƙauyuka da yawa suna ɗaya gare su. Sabon Gari, Tudun Wada, Unguwar Rimi, Gidan Dutse, kusan kowace ƙasa akwai. In ba ka haɗa da sunan gunduma ba za ka kwana kana karanta labarin mutanen wani wuri.

4. Shiga FamilySearch ta ƙofar hotuna

Wannan shi ne rumbu mafi girma a duniya a harkar nan. Cocin Mormon da ke Salt Lake City a Amurka ne ke da shi, a 1938 suka fara ɗaukar takardu a fim, suka yi ta yawo ƙasashe suna yi, kuma a 2021 suka sanar sun gama mayar da naɗin fim miliyan 2.4 zuwa hotunan kwamfuta. Za ka buɗe asusu da imel ko lambar waya, kyauta.

Da ka shiga za su nuna maka babban wurin buga suna, wuce shi. Ka danna Search, a ƙarƙashinsa akwai Catalog akwai Images, waɗannan biyun su ne ƙofarmu. A Catalog ka zaɓi neman wuri, ka fara da ƙasa kawai, Nigeria ko Ghana ko Niger ko Cameroon, ka ga ire-iren takardun da ke akwai, sannan ka sauko zuwa yanki, sannan gari. Ka duba kowane mataki, don wata takardar an ajiye ta a matakin ƙasa, wata a matakin gari, in ka tsaya a ɗaya za ka rasa ɗayar. In ka buɗe wani tarin takardu ka gangara ƙasa za ka ga jerin fina-finai kowanne da lambarsa, a gefen dama akwai 'yan alamomi. Hoton kyamara yana nufin za ka iya kallo daga inda kake zaune. Kyamara da makulli a kanta yana nufin sai a cibiyarsu ko ɗakin karatun da suka yi yarjejeniya da shi. Hoton gilashin nan mai ƙara girman rubutu kuma yana nufin an jera sunayen wani abu daga ciki, amma ko ka gan shi kada ka yarda an gama, ka buɗe kyamarar. Shi Images aikinsa kusan ɗaya, ka sa wuri ka sa shekaru, sai dai sau da yawa sabbin hotuna suna fara bayyana a can.

Gaskiya abin da ke nan na arewacin Najeriya bai kai na wasu ƙasashe ba, kada ka shiga da dogon buri. Amma wanda danginsa suka zauna zango a Gana, Kumasi ko Nima ko Sabon Zango a Ankara, wato Accra, akwai takardun ƙidayar Gana ta 1984, gida gida, da sunayen mutanen gidan da shekarunsu da dangantakarsu da mai gida da inda aka haife su. Tsohon da yake da shekara tamanin a 1984 an haife shi wajen 1904, ka ga layi ɗaya ya kai ka baya sosai. Sai dai wanda ya baro Gana lokacin korar baƙi ta 1969 ba za ka gan shi a ciki ba, sai waɗanda suka saura. Akwai kuma hirarrakin salsala da suka naɗa daga bakin dattawa a ƙauyukan Gana da Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, su ma ta sunan ƙauye ake binsu.

Gargaɗi: shafin zai yi ta jan hankalinka ka zuba sunayen iyaye da kakanni a bishiyar dangi tasu. Bishiyar ta kowa da kowa ce, wani yana iya gani ya canza abin da ka rubuta kan mamata, sannan cocin yana da aƙidar yi wa mamata baftisma, wanda shi ne asalin dalilin tara sunayen. Ba dole sai ka sa komai ba kafin ka kalli hotuna, ni ban sa ba, salsalarmu tana littafina.

5. Rumbun da ya fi kusa da mu

Ɗakin karatu na Birtaniya, British Library, yana da shiri tun 2004 na ceto takardun da ke neman lalacewa, ana taƙaita sunansa EAP, adireshinsa eap.bl.uk, shi ko asusu ba ya buƙata. Kowane aiki da lambarsa. EAP087 da EAP535 na arewacin Najeriya ne, Dakta Mohammed Bashir Salau ya jagorance su, an ɗauko hotuna daga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa da kuma gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, akwai wasiƙun Larabci akwai fayilolin farkon mulkin Turawa. EAP541 kuma na takardun Tamale ne. Ka buga lambar aikin, ka shiga, za ka ga an jera abin kamar reshe, tari, sai sashe, sai fayil, kowane fayil da lamba mai sanduna a tsakani.

Akwatin bincikensu kanun fayil kawai yake karantawa da ɗan bayanin da aka yi masa da Turanci, bai san abin da ke cikin shafukan ba. Don haka ka buga sunan gunduma ko masarauta da waɗancan rubuce-rubucen da ka tanada a mataki na uku, in bai kawo ba ka bi jerin da hannu kana karanta kanu ɗaya bayan ɗaya.

Wane irin fayil za ka buɗe? Ka tuna kakanninmu ba a yi musu takardar haihuwa ba, talaka yana shiga takarda ne in ya haɗu da hukuma. Rahoton kimanta haraji na gunduma, wanda kanunsa ke ɗauke da kalmar assessment, shi nake fara buɗewa kullum, don a ciki Di'o yakan jera ƙauyuka da masu riƙe da su da sana'o'in mutane da tarihin yadda aka kafa wurin, wani lokaci har da salsalar gidan hakimi. Sai takardun kotun alƙali, gado da bashi da rikicin gona da sakin aure. Sai fayilolin naɗi da tuɓe masu sarauta, da jerin ma'aikatan En'e da dogarai da 'yan doka, da jangali in gidanku masu shanu ne.

Na Nijar da Chadi akwai gidan adana takardun ƙasashen da Faransa ta mallaka, ANOM, a garin Aix-en-Provence, sun ɗora rajistar haihuwa da aure da mutuwa ana bi ta ƙasa da gari da shekara. Amma yawancinta ta Turawa ce da 'yan tsirarun da suka shiga tsarinsu, sai in kakanka ya yi tafinta ko akawu ko soja zai yiwu ka gan shi, watakila ma a matsayin shaida a ƙasan takardar wani.

6. Yadda ake tafiya cikin ɗaruruwan hotuna

Ka buɗe kundi ka ga an rubuta hoto na 1 cikin 640, kada ka fara danna gaba gaba tun daga farko, data za ta ƙare kai ma ka ƙare. Ga yadda ake yi.

Da farko ka duba hotuna biyar ko goma na farko, sai biyar ko goma na ƙarshe. Akawunan da sukan yi nasu jerin sunaye ko na ƙauyuka a farkon kundi ko a bayansa, rajistar Faransa ma takan zo da jerin sunaye a ƙarshen kowace shekara. In ka dace da wannan ka huta rabin aiki.

Na biyu ka gano yadda aka tsara kundin, bisa kwanan wata ne, ko ƙauye ƙauye, ko bisa harafi. Akwai maɓallin da ke nuna hotunan ƙanana ƙanana da yawa a allo ɗaya, ka danna shi, daga nan ake gane inda bango yake, inda aka canza hannu, inda wani sabon littafi ya fara. A FamilySearch fim ɗaya yana iya ɗaukar littattafai uku ko biyar na garuruwa daban, ana raba su da wani allo mai manyan haruffa a tsakani, mutane da yawa suna kallon littafin farko su ga ba garinsu ba ne su fita, alhali nasu na can gaba.

Na uku, in bisa shekara aka jera, ka riƙa raba biyu. Misali kundin ya fara 1928 ya ƙare 1939 kai kuma 1934 kake nema, ka rubuta 320 a akwatin lambar hoto ka je tsakiya. Ka tarar da 1931, to naka yana gaba, je 480. Ka tarar da 1936, ka wuce, dawo 400. Kafin tsalle bakwai ko takwas ka iso. In ka iso shekarar to daga nan babu sauran tsalle, shafi shafi za ka bi, kuma ka haɗa da shekara biyu kafin da biyu bayan, don lissafin tsofaffi yakan goce kaɗan.

Gargaɗi: lambar hoto daban, lambar shafin da akawu ya rubuta a kusurwa daban. In jerin farko ya ce shafi na 87, ba hoto na 87 ba ne. Ka je hoto na 87 ɗin ka ga wane shafi ne a kai, ka lissafa tazarar ka ƙara. Kuma duk lokacin da za ka tashi ka rubuta lambar hoton da ka tsaya, shafin ba lallai ya tuna maka ba.

7. Karanta hannun mutanen da

Ranar farko za ka ji kamar ba za ka taɓa iya karantawa ba, haƙuri, ido yana sabawa. Dabarar ita ce ka nemi kalmar da ka riga ka sani a shafin, sunan wata ko sunan gari, ka ga yadda wannan akawun yake lanƙwasa harafinsa, sai ka kwaikwaya a littafinka, a hankali ka haɗa abacadarsa. Akawu ɗaya yakan riƙe kundi shekaru, in ka gane hannunsa ka samu hanya.

A takardun Turanci D.H. hakimi ne, V.H. dagaci, N.A. En'e, s/o ɗan wane. In ka ga do. ko 'yan ɗigo biyu a layi, ana nufin daidai da na sama, kada ka wuce shi a matsayin fanko. Kuɗi fam da sule da kwabo ne, a na farko farko har da wuri. Sunaye kuwa sai ka buɗe kunne, ka riƙa furtawa da baki kana karantawa. Muhammadu zai zo Mamadu ko Momodu ko Mahamadou, Usman ya zo Osuman ko Ousmane, Abubakar ya zo Bukari ko Bubakar ko ma Garba, Abdullahi ya zo Abdulai ko Audu, Sarkin ya zo Serikin.

Takardun alƙali da wasiƙun sarakuna da Larabci suke cikin rubutun nan namu na allo, fa'un ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wanda ya yi makarantar allo ya fi wanda ya koyi rubutun Masar saurin kamawa. Ko ba ka jin Larabci sosai ka riƙe 'yan kalmomi, ibn da bint na ɗa da 'ya, zauja mata, taraka ya bari, shahida ya yi shaida, sunayen da ke biye da su nan ne abin da kake nema yake. Shekarar Hijira kuma ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1350 za ta ba ka 1931 da ɗoriya.

Kada ka karanta layin mutuminka kaɗai. Ka duba gefen shafi inda ake ƙara bayani da jan biro ko fensir, ka duba shaidu, ka duba maƙwabtan da aka jero kafinsa da bayansa. Ni ta sunan dagaci na gane na iso ƙauyenmu, tun kafin in ga wani abu da ya shafi gidanmu.

8. Ka ga sunan, to shi ne kuwa?

Nan zuciya take rinjayar mutum. Bayan sati uku kana nema sai ga Audu ɗan Mamman, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi, kana so ka kira kowa. Dakata. Audu ɗan Mamman nawa ne a gunduma ɗaya a 1930? Mu ba mu da sunan dangi da ake gada kamar Turawa, sunayenmu kuma 'yan kaɗan ne ke zagayawa, jika ma sunan kaka yake ci. Ni ƙa'idata sai abu uku sun haɗu ban da sunan: ƙauye ko unguwa, lokaci, da wani abu na uku da tsofaffi suka faɗa tun kafin in ga takardar, sana'a ko laƙabi ko sunan ɗan uwa ko na mata. In biyu kawai suka haɗu ina rubuta shi a shafin "mai yiwuwa", ba na kai shi gida.

Ka yi hattara musamman in sunan ya fito a gidan sarauta ko na malamai, don a nan ne son rai ya fi shiga, mutum ya jona kansa da gidan da ba nasa ba, bayan shekara biyar 'ya'yansa sun ɗauka gaskiya ce. Shekarun da aka rubuta wa mutum kuma kintace ne, akawu ya kalli fuska ya ce arba'in, kada ka jefar da takarda don ta saɓa da shekara biyar, kada kuma ka kafa hujja da ita.

9. Ajiye abin da ka samu

Ka sauke hoton in an bari, in ba a bari ba ka ɗauki hoton allo sau biyu, ɗaya na shafin gaba ɗaya, ɗaya ka zuƙo layin. Ka ɗauki bangon kundin ma. A littafinka ka rubuta sunan shafin intanet ɗin, lambar fim ko ta fayil, lambar hoto, lambar shafi, da ranar da ka gani, sannan ka kwafe rubutun yadda yake harafi da harafi, fassararka a ƙasa daban. Ka canza wa hoton suna a waya, gari da shekara da lambar fayil, in ba haka ba zai nutse cikin hotunan biki. Ka tura wa kanka a imel, ka kuma wanke ɗaya a takarda.

Kundin da ka bi ba ka samu komai ba shi ma ka rubuta shi, daga hoto kaza zuwa kaza, babu. Bayan wata shida ba za ka tuna ba, sai ka sake bin abin da ka riga ka bi.

10. Kafin ka kai labari gida, da inda za ka dosa in hotuna sun ƙare

Takardun nan ba don su faranta mana aka rubuta su ba. Za ka iya cin karo da bashi, ko ɗauri, ko auren da ba a taɓa faɗa muku ba, ko maganar bauta da fansa, don sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa kuma kotuna sun rubuta sunayen waɗanda aka 'yanta. In ka ga irin wannan, na gidanku ko na gidan maƙwabta, kada ka jefa shi a guruf ɗin dangi na WhatsApp da tsakar dare. Ka samu babba ɗaya mai hankali ku zauna ku biyu tukuna, akwai jikokin mutanen nan da rai, akwai aurarraki a tsakani.

Abin da aka ɗora a intanet kuma ɗan kaɗan ne cikin abin da ke ajiye. In ka ga fayil yana ambaton wani fayil da lamba mai farawa da SNP ko KANOPROF ko SOKPROF ko ZARPROF ko KATPROF, ka kwafe lambar daidai, waɗannan alamomin gidan adana takardu na Kaduna ne, da ita za ka je ka nema a fito maka da shi. Akwai Arewa House nan Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka tafi da katin shaida da littafinka, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da kuɗinta tun a bakin ƙofa, kuma ka ware kwana biyu ko uku, don fayil ɗin da ka nema da safe ba lallai ya fito kafin azahar ba.